Kare namun daji: matakan da ke aiki da waɗanda ke cin kuɗi kawai

Duk wanda ya saba karanta rahoton ƙarshen shekara na aikin kare daji ya san yadda ake jera shi: an kama mafarauta kaza, an raba amya kaza, an dasa itatuwa dubu kaza, an yi taron wayar da kai a ƙauyuka kaza. Wannan lissafin wahalar da aka sha ne kawai. Bai faɗa mana ko giwa da gwanki da ɓauna sun ƙaru ko sun ragu ba, balle ya amsa tambayar da masu bincike suka fi damuwa da ita: da ba a yi aikin ba fa, me zai faru?

A ɗauki manomi a gefen dajin Yankari, wajen Duguri ko Mainamaji. Bana ya kewaye gonarsa da igiyar da aka shafa wa barkono, kuma giwa ba ta shiga ba. Barkonon ne ya kore ta? Wataƙila. Wataƙila kuma garken ya karkata wani gefen daji a wannan daminar, ko ruwa ya wadata har ciyawar ciki ta ishe su. Ba za a gane ba sai an duba gonakin da ke kusa da tasa, masu irin shukarsa, waɗanda ba a yi wa komai ba. Idan su ma giwa ba ta taɓa su ba, to barkono bai nuna komai ba tukuna. Wannan kwatancen shi ne abin da ya raba hujja da labari, kuma shi ne aka fi rasawa. A 2017 wasu masu bincike sun tattara rubuce-rubuce 562 kan hanyoyin kare dabbobin gida daga zaki da kura da ire-irensu, sai suka tarar 21 ne kaɗai aka yi da kwatance na ƙwarai. Tun 2004 akwai wani rukuni a Jami'ar Kambirij ƙarƙashin Farfesa William Sutherland da ke tace irin waɗannan bincike mataki bayan mataki, kuma matakai da yawa da ake kashe wa kuɗi suna faɗawa ne a sahun waɗanda ba a gwada su yadda ya kamata ba.

Duk da haka, babban hoton ba na yanke ƙauna ba ne. A 2024 mujallar Science ta fitar da wani nazari da ya haɗa bincike 186 masu ɗauke da gwaje-gwaje 665 daga sassan duniya, kowanne da abin kwatance. A kashi 66 cikin 100 matakin da aka ɗauka ya kyautata halin halittun ko ya rage saurin lalacewarsu. Amma a kusan ɗaya cikin biyar, da an bar wurin yadda yake da ya fi. Wato aikin kare daji yana biyan kuɗin sabulu, sai dai ba kowane aiki ba, ba kuma a kowane wuri ba.

Suna a takarda ba ya tsare daji

Matakin da gwamnatoci suka fi so shi ne shata iyaka a kira wuri gandun daji. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962, ya koma hannun Tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Shin keɓewar kaɗai tana kare dabba? Wani bincike na 2010 ya bi diddigin manyan dabbobi a gandaye 78 na Afirka daga 1970 zuwa 2005, ya gano sun ragu da kashi 59 cikin 100 a cikin gandayen, ba a wajensu ba. A Afirka ta Yamma raguwar ta kai kashi 85. Ƙasar gandun takan tsira daga garma da gatari fiye da dajin da ke waje, amma naman da ke ciki yana iya ƙarewa alhali itatuwa na tsaye, alamar shiga kuma na nan a bakin titi.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin gudanarwa na yau da kullum. Wani nazari na 2018 kan gandaye 282 masu zakuna ya ƙiyasta cewa ana buƙatar dala 1,000 zuwa 2,000 a kowane murabba'in kilomita duk shekara, alhali abin da akasarinsu ke samu bai wuce dala 200 ba. A auna Yankari da wannan mudu: dala miliyan 2.2 zuwa miliyan 4.5 ke nan a kowace shekara, ba sau ɗaya ba. Kuma ba kuɗin gyaran masauki ko ƙawata maɓuɓɓugar Wikki ake nufi ba. Kuɗin albashi ne, da guzurin sintiri, da takalma, da man mota, da gyaran hanyoyin ciki bayan damina, da bin shari'a har a yanke hukunci.

Tarihi ya yi wannan gwajin da kansa a Serengeti. A 1977 Tanzaniya ta rufe iyakarta da Kenya, baƙi suka ɗauke ƙafa, kuɗin sintiri ya ƙafe. Ɓauna da giwa suka zube, karkanda ta kusa ƙarewa. Da kuɗin ya dawo a ƙarshen shekarun 1980, ɓauna da giwa suka fara farfaɗowa. Dajin bai canza ba, sintiri ne ya tafi ya dawo. Kusa da mu kuma akwai Zakuma a Chadi, inda giwaye suka ragu daga sama da 4,000 a 2002 zuwa kimanin 450 a 2010. A shekarar ce ƙungiyar African Parks ta karɓi gudanarwa, ta gyara sintiri, ta sa ma'aikata su zauna a dajin har da damina, ta haɗa ƙauyuka da rediyon sadarwa. Kisan ya kusa tsayawa cak, giwayen suka koma haihuwa, zuwa 2021 sun haura 600.

Dalilin da ya sa hana kisa ya fi komai nauyi ga giwa lissafi ne mai sauƙi. Cikinta wata 22 ne, tana haihuwa sau ɗaya a shekara huɗu ko biyar. Ko cikin yalwa, garke ba ya ƙaruwa fiye da kimanin kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a shekara. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a Yankari a 2006 ta samu giwaye 348, ƙiyasin shekarun baya-bayan nan kuwa 100 zuwa 150 ne. Garke mai giwa 100 zai ƙaru da biyar ko shida a shekara. Idan aka kashe bakwai, duk wata ɗawainiya ta zama aikin baban giwa.

Sintiri ma iri-iri ne. Wanda ake yi cikin mota a kan hanyar da kowa ya sani, a fita da hantsi a dawo kafin la'asar, mafarauci ya riga ya haddace shi. Mai tasiri shi ne na ƙafa, na kwanaki, ana kwana a daji, ba a sanar da inda za a nufa sai an tashi. Kowane ayari na riƙe da na'urar nuna wuri yana rubuta abin da ya gani: tarkon waya, toka mai ɗumi, ragar busar da nama, sawun shanu, ƙarar bindiga. Ana zuba bayanan a manhajar SMART, ita kuma ta fito da taswirar inda aka taka da inda ba a taɓa takawa ba. A gandun Queen Elizabeth na Yuganda an gwada karkatar da sintiri zuwa wuraren da bayanan suka nuna, sai gano ɓarna ya ƙaru, a wasu wuraren da fiye da kashi 250 cikin 100, ba tare da an ƙara ma'aikaci ko ɗaya ba.

A nan ake yawan yin kuskuren karanta alƙaluma. Idan an kwance tarko 300 bara, bana 500, ba lallai farauta ce ta ƙaru ba, mai yiwuwa tafiyar ce ta ninka. Idan kuma kamu ya ragu, yana iya zama guzuri ne ya yanke aka daina fita. Adadin da ke da ma'ana shi ne tarko nawa a kowace kilomita da aka taka, a wuri iri ɗaya, a lokaci iri ɗaya na shekara.

Ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da gwamnatin Bauchi kan tsaron Yankari a 2014, kuma bisa rahotonta an shafe shekaru daga watan Mayun 2015 ba a tsinci giwar da mafarauta suka kashe ba. Nasara ce babba. Amma mai auna hujja zai lura cewa a daidai wannan lokacin farashin ɗanyen hauren giwa a Sin ya faɗi daga kimanin dala 2,100 kan kilo a 2014 zuwa dala 730 a farkon 2017, kafin ƙasar ta rufe kasuwar a ƙarshen shekarar. Abubuwa biyu sun zo tare. Misalan Serengeti da Zakuma ne ke ba mutum ƙarfin gwiwar cewa sintiri na da kaso mai tsoka a ciki.

Akwai kuma binciken da ya girgiza masu wannan aiki a 2025. A gandaye 11 da ke yankin Kruger na Afirka ta Kudu an kashe dala miliyan 74 tsakanin 2017 da 2021 kan karnuka, jirage masu saukar ungulu, kyamarori da ma'aikata. An kama mutum sama da 700, amma daga 2017 zuwa 2023 an kashe karkanda 1,985, kuma ba a ga alamar cewa yawan kamun ya rage kisan ba. Abin da ya rage shi da kashi 78 cikin 100 shi ne yanke ƙahon karkandar tun tana raye, aikin da ya ci kashi 1.2 kacal na kuɗin. Inda ribar laifi ta yi yawa, cin hanci ya shiga, shari'a kuma ta yi sanyi, kamu shi kaɗai ba ya hana komai. Ba za a yi wa giwa haka ba, don haurenta haƙori ne mai jijiya a gindinsa.

Giwa da gona

Ga mutumin Alkaleri da ke noma a bakin daji, duk wannan zancen nesa ne. Babbar giwa tana cin abinci kusan kilo 150 a rana, garke kuwa na iya share gonar masara ko dawa a dare ɗaya, galibi daf da girbi. Mutumin da aka yi wa haka sau biyu ba zai tona asirin maharbi ba. Don haka kare gona ba kyautatawa ba ce da ake ƙarawa a gefe, tana cikin tsaron giwar kanta.

Matakin da ya fi samun hujja a ƙananan gonaki shi ne shingen amya. Giwa na tsoron ƙudan zuma domin suna harbinta a cikin hanci, da gefen ido, da bayan kunne, inda fata ba ta da kauri. Dakta Lucy King ta gwada shi a Kenya, kusa da gandun Tsavo. A gonaki 10, cikin wata 43, giwaye 253 sun tunkaro, shingen ya mayar da kashi 80 cikin 100. Ga yadda ake kafa shi. Ana rataye amya tsakanin turaku biyu, a tsayin ƙirjin mutum, ta yadda za ta iya lilo. Ana yi mata rumfar ciyawa saboda rana. Bayan kowace mita 10 sai wata, ana saɓa ta gaskiya da ta bogi, wato allon katako da aka yanka aka fente shi kamar amya. Eka ɗaya na cin amya 12 na gaskiya da 12 na bogi. Sai a ja waya guda ta haɗe su duka. Giwa ta zo da dare ta tura wayar da ƙirji, amyoyin hagu da dama su girgiza, zuma ta fito a fusace. Wayar ba don ta tare giwa aka sa ta ba, don haka ana ɗaura ta da ƙugiya mai saurin kwancewa, in ba haka ba giwar da ta kutsa za ta tumɓuke turaku ta kayar da amyoyin gaba ɗaya.

Abin da ke kashe wannan shinge ɗaya ne: amyar da babu zuma a ciki. Giwa na gane fanko bayan ɗan lokaci. Nazarin shekara tara da aka yi a wurin nan na Kenya, aka fitar a 2024, ya nuna shingen na korar kimanin kashi 86 cikin 100 a lokacin da amfanin gona ya nuna, amma farin 2017 ya rage amyoyin da ke da zuma da kashi 75. A ƙasar Bauchi da Gombe abubuwan da za su kori zuma sanannu ne. Akwai zafin bazara idan rumfa ta lalace. Akwai rashin ruwa kusa, wanda maganinsa kasko ne da ruwa da tsakuwa a ciki don kada ƙudan su nutse. Akwai tururuwa da ke hawa ta turke, sai an riƙa shafa baƙin mai a wayar ratayen. Akwai dage mai fasa amya, da gobarar daji da kaka, da ɓarawon zuma. Mafi muni shi ne feshin maganin ƙwari a gonar wake ko auduga da ke cikin shingen: wanda ya yi feshi da hantsi lokacin da wake ke fure ya kashe masu gadinsa da hannunsa. In dole ne, a yi da yamma liƙis bayan zuma ta koma gida. Kuma dabarar ta ƙaramar gona ce. Mai hekta goma ba zai iya kula da amyoyin da za su zagaye ta ba.

Barkono ya fi araha, hujjarsa kuma ta fi rauni. Ana dama garinsa da baƙin mai a shafa wa igiya da tsummoki, ko a cuɗa shi da kashin giwa a busar a ƙona. Ruwan sama na wanke shi, sai an sabunta a kai a kai, hayaƙin kuma sai iska ta yarda. A gandun Way Kambas na Indunusiya an kwatanta gadi da barkono da gadi babu barkono, ba a ga bambanci ba. Gadin ne ke aikin: mutane a kan rumfa mai tsawo, da tocila mai ƙarfi, da gwangwani, da labarin inda garken yake tun kafin ya iso. Shi ya sa abin wuyan da ake sa wa wasu giwayen Yankari mai aiko da wurin da suke, da mutanen ƙauyuka da aka ba wayar salula don su sanar da ma'aikata, suka fi kama da abin da bincike ya goyi baya.

Sau da yawa akan ji ana cewa a kewaye dajin da waya mai lantarki a huta. Hujja na nan: nazarin 2013 a wurare 42 cikin ƙasashe 11 ya nuna gandaye masu shinge na riƙe zakuna kusan kashi 80 cikin 100 na abin da dajin zai iya ɗauka, da dala 500 a murabba'in kilomita, marasa shinge kuwa sai sun kashe sama da dala 2,000 kafin su riƙe rabi. To amma ko da Yankari murabba'i ne mai kusurwa huɗu daidai, kewayensa zai kai kusan kilomita 190. Dole a bi layin kullum da na'urar gwaji, domin idan ƙarfin wutar ya sauka ƙasa da kimanin bolt 5,000 giwa ba ta jin sa. Ciyawar damina na taɓa wayar ta zuƙe wutar, busasshiyar ƙasar rani na hana ta zagayawa, batir da farantin sola na ɓacewa. Toron giwa kan koyi karya turke da haure, tunda haure ba ya ɗaukar wuta. Shingen da aka bari ya mutu kuwa ya zama kantin waya kyauta ga masu ɗana tarko, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kwashe giwar da ta addabi mutane a kai ta wani daji ya fi kowanne faɗuwa a gwaji. A Siri Lanka an bi toron giwa 12 da aka yi wa haka. Biyu an kashe su a inda aka sake su, sauran duk sun fice, wasu sun koma gida, wasu sun buɗe sabuwar ɓarna a wani wuri, kuma biyar sun mutu cikin wata takwas. Ko dabbar da ba ta da laifi, ƙaura na da haɗari: karkanda 11 da Kenya ta kai Tsavo a 2018 duk sun mutu, akasari saboda gishirin ruwan rijiyar wurin. Inda abin ya yi kyau, kamar maririn da aka mayar Chadi daga 2016 bayan ya ƙare a daji, an mayar da dabbar ce ƙasarta ta asali, an fara tsare ta a shinge har ta saba, an kuma bi ta da abin wuya shekara da shekaru. Raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006, waɗanda ke Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, abin kallo ne mai kyau ga baƙi da 'yan makaranta. Amma jakin dawa ba ɗan ƙasar nan ba ne, kuma ajiye shi ba ya cikin lissafin ceto namun dajinmu.

Makiyayi, zaki da ungulu

Binciken 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan Afirka ta Yamma gaba ɗaya kimanin 400 ne, kuma a Najeriya Yankari da Kainji ne kaɗai suka rage da su. Abin da ke gama da zaki ba bindiga ba ce kawai. Idan mafarauta suka cinye kanki da gwambaza da mugun dawa, shanu kuma suka cika bakin kogin Gaji da rani, zaki zai koma kan saniya. Mai saniya ya barbaɗa maganin ƙwari a mushen, washegari a tarar da zaki da kura da dila da tarin ungulu a kwance.

Maganin da ya fi ƙarfin hujja tsoho ne a wurinmu. A Tanzaniya an ƙarfafa garken kwana da shingen itace mai rai da aka ɗaure wa ragar waya, sai harin dare ya kusa ɓacewa, nasarar ta haura kashi 99 cikin 100. Itacen da suka yi amfani da shi kuwa dashi ne, wanda kakanninmu ke kafa shinge da shi. Ana sare rassansa da rani, a bar su su sha iska, a kafa kusa da juna kafin ruwa ya sauka, su yi saiwa, gara ba ta ci. Raunin garken kullum ƙofa ce, da ƙasan raga inda kura ke tonawa. Sai dai wannan na mai zama wuri ɗaya ne, bai dace da wanda ke tashi da rugarsa duk bayan makonni ba.

Da rana fa? A Botsuwana an zana wa shanu idanu biyu a ɗuwawu da fenti, bisa tunanin cewa zaki mai kwanton ɓauna yana fasawa idan ya ga kamar an gan shi. Abin kamar wasa, amma an yi shi da kwatance mai kyau cikin shekara huɗu: a cikin 683 masu idanu babu wadda aka kashe, a 543 da aka yi wa alamar gicciye an kashe 4, a 835 da ba a taɓa ba an kashe 15. Fentin na goguwa cikin 'yan makonni. Kuma duk garke ɗaya suke kiwo, don haka zaki na da zaɓi, abin da ba zai samu ba idan kowace saniya na da idanun.

Diyya na rage ramuwar gayya idan ana biya da wuri. A yankin Amboseli na Kenya ta rage kashe zakuna da kashi 87 zuwa 91 cikin 100, ɗaukar samarin da suka saba farautar zaki aikin gadinsa kuma ya rage da kashi 99. Tsarin can yana zabge kuɗin wanda ya yi sakaci da garkensa, in ba haka ba diyya ta zama ladan sakaci. Diyyar da aka yi alkawari aka shekara ba a biya ba kuwa ta fi rashin alkawarin illa. Darasin samarin nan ya shafe mu kai tsaye: babu wanda ya san sawu da mashaya kamar mutanen Sarkin Baka.

Ungulu ta cancanci a tsaya a kanta. Nazarin da aka yi a faɗin Afirka ya nuna guba ce sanadin kashi 61 cikin 100 na mutuwarta da aka rubuta, cinikin sassan jikinta don magani da tsubbu kuma kashi 29. Duk wanda ya girma yana ganinta a mahauta ya san ta yi ƙaranci. Indiya ta ga ƙarshen wannan hanya: maganin ciwon dabbobi diclofenac ya kashe sama da kashi 99 cikin 100 na wani jinsin ungulunta kafin a hana shi a 2006, mushe ya yi ta ruɓewa, karnuka suka yawaita, wani nazari na 2024 kuma ya danganta mutuwar mutane kusan 500,000 cikin shekara biyar da rashin ta. Can an gano sanadi guda, aka toshe shi, raguwar ta tsaya. A nan sanadin kasuwa ne da guba, don haka taron wayar da kai a makaranta an bar jaki ne ana dukan taiki.

Raba awaki, kekunan ɗinki ko jarin sana'a don mafarauci ya bar farauta shi ne matakin da masu ba da tallafi suka fi ƙauna, shi ne kuma mai ƙarancin hujja. Wani bita na 2015 ya samu irin waɗannan ayyuka 106, 21 kaɗai aka auna tasirinsu, a cikinsu 9 ne suka nuna amfani. Mutum na iya karɓar akuya ya ci gaba da farauta, ko ya sayar da ita ya sayi harsashi. Biyan da aka ɗaura wa sharaɗi ya fi. A Yuganda an jefa ƙuri'a tsakanin ƙauyuka 121, aka riƙa biyan masu kurmi a 60 daga ciki kimanin dala 28 kan hekta a shekara muddin ba su sare ba, aka duba da tauraron ɗan'adam. Itatuwa sun ragu da kashi 4.2 cikin 100 a inda aka biya, da 9.1 a inda ba a biya ba.

Haka dashe yake. Gombe ta ƙaddamar da babban shirin dashen itatuwa a 2019, kuma ma'aunin irin wannan shiri shi ne nawa suka rayu bayan rani na biyu, ba nawa aka binne ranar biki ba. A gundumar Kangra ta Indiya an bi shekaru da dama na dashen gwamnati da hotunan tauraro, ba a ga inuwar daji ta ƙaru ba. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 ta hanyar sassaben zamani: a bar kututturen gawo, kalgo ko sabara a gona, a zaɓi tsiro biyu zuwa biyar mafi ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga awaki da wuta. Saiwar ta riga ta kai ga danshi, ba ta jiran bokiti. Ga tsuntsu da zuma da gada ma, ƙirya da marke da ɗorawa da kaɗanya sun fi layin darbejiya amfani.

Ƙaramar hukuma ko ƙungiyar da ke son gwada ɗaya daga cikin waɗannan ba ta buƙatar ɗakin bincike. A ce kuɗin amya na gonaki 20 ne. A rubuta gonaki 40 da ke bakin daji masu kama da juna, a jefa ƙuri'a a gaban Mai unguwa, kada a bar zaɓin a hannun wanda zai ba 'yan uwansa ko waɗanda suka fi kuka. Sauran 20 su karɓa a zagaye na biyu. A fara rubuta ɓarna tun damina ɗaya kafin a kafa komai, a ci gaba damina biyu bayan nan. Mutum ɗaya, wanda ba shi da gona a ciki, shi zai riƙa auna wurin da aka tattake da igiyar awo washegarin kowane hari, ba a dogara da ƙiyasin mai gona ba, domin mai sa ran diyya ba ya rage lissafi. A duba gonakin da ke maƙwabtaka da masu shingen, ko ɓarnar ce kawai ta koma kansu. A ƙirga amyoyin da ke da zuma duk wata. A littafin kuma kowane dare na da layinsa, har daren da giwa ba ta zo ba, da daren da ta zo bakin waya ta juya, wanda sawunta ne kaɗai zai nuna da safe kafin shanu su tattake shi.